Shawarwari kan zagaye Melbon da ƙafa

Da aka tattauna kan yadda za a taka Capital City Trail, hanyar masu ƙafa da masu keke da ta zagaye tsakiyar birnin Melbon a Ostareliya, mai kusan kilomita 29, yawancin waɗanda suka taka ta cewa suka yi kada a matsa wa kai a yini ɗaya. Tashoshin jirgin ƙasa irin su Royal Park da Rushall suna bakin hanya. In ƙafa ta gaji sai a hau, gobe a ɗora. A Royal Park ma taragon titi mai lamba 58 yana tsayawa. A riƙe katin myki, wato katin biyan kuɗin jirgin ƙasa da taragon titi, da kuɗi a ciki, don hawa taragon titi kyauta iyakarsa tsakiyar gari. Wani ya nanata a bi hagu, masu keke ba sa wasa. A watan Janairu kuwa hula da ruwan sha dole ne, lokacin zafinsu ke nan.