Yaya ake gane takardar da aka yi wa gyara da Photoshop?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum. Idan aka turo takardar shaida ko rasit a PDF ko hoto, ana zargin an canza suna ko adadin kuɗi da Photoshop ko CorelDRAW, daga ina ake fara bincike?

Ɗan_Bincike:
Wa'alaikumus salam. Kafin komai, kada ka taɓa asalin fayil ɗin. Ciro lambarsa ta SHA-256 (lambar da kwamfuta ke lissafowa daga abin da ke cikin fayil, kamar zanen yatsarsa) ka adana, ka yi aiki a kan kwafi, domin ko harafi ɗaya ya canza lambar za ta canza, hujjarka ta raunana a kotu.

Sannan ka zuba shi a ExifTool, manhajar da ke nuna ɓoyayyun bayanan fayil, ka duba CreatorTool da Producer, wato sunan manhajar da ta samar da shi, da ranar ƙirƙira da ta gyara. Takardar da aka ce daga sikana ta fito amma ga sunan Adobe Photoshop a ciki, akwai ayar tambaya. Sai dai ana iya goge waɗannan bayanan, don haka tsabtarsu ba ta wanke takarda.

In PDF ne, ƙirga %%EOF, alamar ƙarshen fayil, a cikinsa. Gyaran da aka ɗora a ƙarshen fayil yana ƙara ɗaya, kuma sau da yawa tsohon rubutun yana nan kwance. Kula: wanda aka tsara don saurin buɗewa a intanet dama da biyu yake zuwa. Da manhajar pdffonts kuma za ka ga jerin salon haruffan da ke cikin fayil ɗin, ka lura ko akwai baƙo a cikinsu.

Malama_Kwamfuta:
Malam ya gama da PDF. Game da hoto, mutane na zuzuta ELA, dabarar gano gyara ta bambancin matsi a sassan hoto, ni kuwa ban cika yarda da ita ba. Hoton da ya bi ta WhatsApp an riga an sake matse shi, an cire bayanansa, sakamakon sai ya ruɗe ka. Nemi a turo shi a matsayin fayil.

Ƙara girman hoton sosai. Rubutun da ya fito daga sikana gefensa da ɗan dishi-dishi, wanda aka ɗora kuwa sumul yake. In kana da wata takardar mai sa hannun mutumin, ɗora sa hannun biyu kan juna: in sun dace tsaf, kwafowa aka yi, ba mai sa hannu sau biyu iri ɗaya sak.

Tsohon_Akawu:
In mai jabun ya buga takardar ya sake sikanin ta, yawancin alamomin nan sun tafi. Sai a kai lambar takardar wurin waɗanda suka bayar da ita, su duba rajistarsu.