Tsawar da soja ke yi a filin fareti, me take nufi?

Rukayya Gusau:
Assalamu alaikum. An tura ni bautar ƙasa jihar Bauchi, sansanin Wailo, kuma fareti ne kaɗai ke tayar min da hankali. Yayata ta ce soja zai daka tsawa, kowa ya buga ƙafa, ke ba ki ma ji abin da ya faɗa ba. Don Allah wanda ya sani ya warware min: mene ne "shan", mene ne "ajuwaya", kuma me ya raba "standa'is" da "stan izi"?

Saje Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kwantar da hankalinki. A Zariya na yi kurtu, daga baya na horar da wasu, kuma waɗanda ko boko ba su yi ba sun iya.

Kowane umarni kashi biyu ne. Na farko jansa ake yi, gargaɗi ne, yana gaya miki abin da ke tafe. Na biyu gajere ne kamar saran gatari, a kansa ake motsi. In ya ja "pareeed", ko yatsa kada ki ɗaga. Sai ya sauke "shan!", wato ƙarshen kalmar "atenshan", sannan ki ɗaga ƙafar hagu ki buga ta kusa da ta dama: dugadugai a haɗe, hannu a dunƙule, babban yatsa na bin ɗinkin wando, ido gaba. Yawancin masu kwafsawa gaggawa ce ke cin su, tun ana jan na farko sun motsa, layi ya hargitse.

Standa'is kuwa, wato tsayuwar sarari da Turanci, ƙafar hagu ce za ki ware kamar inci 12, hannaye a baya, na dama cikin tafin na hagu. Kada sunan ya ruɗe ki, ba hutu ba ne, ba magana ba waige. Stan izi ne ke ba ki damar sakin kafaɗa ki gyara hula, amma ƙafa tana nan inda take. Ajuwaya na nufin ku koma yadda kuke, an soke abin da aka faɗa, yawanci don ba ku yi shi tare ba.

Maci da ƙafar hagu ake farawa. Mai sauri taku 120 ne a minti, na sannu wajen rabin haka, kuma shi ya fi wuya. Abawut tan, wato ki juya ki fuskanci baya, ta dama ake juyawa, ko da yaushe. In aka ce ayis rayit gaban babban baƙo, kowa ya juya kai dama, ban da na bakin layin gaba ta dama, shi ke riƙe da saiti.

Bashir Funtuwa:
Baba Saje ya gama magana. Ƙari na ɗaya, ki bi babbar ganga, dukanta ƙafar hagu ce. Ki ci wani abu kafin dogon tsayi, ki riƙa motsa yatsun ƙafa cikin takalmi, kada ki ƙame gwiwa. Na ga ƙarti sun zube a rana saboda haka. Ni dai abin da ban gane ba, me zai hana su faɗi kalmar sosai mutum ya ji?

Saje Mai Ritaya:
Malam Bashir, da gangan ne. Gwada kiran "atenshan" cikakke ga mutum dubu a fili, na gaba zai buga a "ten", na baya a "shan". Gaɓa ɗaya ce ke haɗa ƙafafu. Tsarin na Ingila ne, muka gada. Sojan Najeriya daga dakarun Hausawa na Glover, wani hafsan Ingila, ya faro a Legas a 1863, kuma Hausa ta daɗe tana harshen bariki, amma umarnin fareti ya zauna da Turanci.

Rukayya Gusau:
Allah ya saka da alheri, Baba. To in na juya hagu alhali dama aka ce fa?

Saje Mai Ritaya:
Ki ƙame a yadda kike, kada ki yi saurin gyarawa, motsi na biyu ya fi na farko fitowa fili. Zai ce ajuwaya, ku sake tare. Ki fara gwadawa a tsakar gida tun yanzu, ki sa ƙaninki ya riƙa kira miki.