Masu shan wuski, bourbon ta Amurka ko Scotch ta Scotland, wacce ta fi kwanta muku?

Bitrus_K:
Jama'a barkanku da yamma. Ni dai bakina da bourbon ya saba, Maker's Mark ce tawa, in babu ita sai Buffalo Trace, amma duk wanda na gaya wa sai ya ce wai ban ma fara shan wuski ba tukuna sai na koma Scotch. To na ɗanɗana Laphroaig, gaskiya ban ji komai ba sai hayaƙi da warin maganin asibiti, kofin ma ban iya ƙarasawa ba. Bakina ne ko dama haka take? Ku wacce kuke sha?

Kawu Luka:
Hhhh ɗana bakinka lafiya lau, da mai taurin kan cikinsu ka fara ne. Laphroaig a tsibirin Islay ake yin ta a Scotland, su can da hayaƙin peat suke busar da sha'ir ɗin, wata baƙar ƙasa ce ta ruɓaɓɓun ciyayi da suke haƙowa su ƙona, shi ne abin da ya buge ka a hanci, kuma ba duk Scotch ce haka ba, nemi Glenfiddich mai shekara 12 ka ji, ƙamshin 'ya'yan itace ne zalla ba ruwanta da hayaƙi. Zaƙin da kake so a bourbon kuwa dokar Amurka ce ta kawo shi, dole masara ta kai kashi 51 cikin ɗari na hatsin, kuma dole a zuba ta a sabuwar gangar itacen oak da aka babbake cikinta, daga ƙonannen itacen nan ƙamshin banila da na narkakken sukari ke fitowa. Maker's ɗinka ma alkama suke sawa a madadin rye, wani hatsi mai ba wuski yaji, shi ya sa ba ta yaji a maƙogwaro. Abin da ke ba ni dariya, tunda sau ɗaya ake bourbon a ganga, 'yan Scotland ne ke sayen tsofaffin su zuba tasu ta yi aƙalla shekara 3 a ciki. Masu raina maka bourbon ɗin sauran gangarta suke sha. Ni kam Lagavulin 16, a bar ni da hayaƙina.

Talatu:
Kawu ku dai da hayaƙin nan sai ka ce an tsoma itacen wuta a kofi. Ni Jameson ta Ireland, sau uku ake tace ta, santsi kawai, in jefa ƙanƙara biyu shi ke nan. Jack Daniel's ma ba laifi cikin bourbon.

Oga_Yohanna:
Anti Talatu kar mutanen Tennessee, jihar Amurka da ake yin Jack ɗin, su ji ki fa, su ba sa kiran Jack bourbon, sai sun bi da ita ta cikin gawayin itacen maple kafin ta shiga ganga. Bitrus in kana son mai ƙarfi gwada Wild Turkey 101, ƙarfin barasarta kashi 50.5 cikin ɗari ne, kada ka cika mata ƙanƙara ta kashe ƙamshin, ɗan ɗigon ruwa ka sa ka bar ta ta huta kaɗan kafin ka kurɓa.

Bitrus_K:
Na gode Kawu, Glenfiddich ɗin zan nema. Sauran Laphroaig na nan fiye da rabin kwalba, in kana so ka turo a ɗauka.