Macijin ciki a kyanwa: wa ya taɓa fama da shi?

Uwar Mage: Assalamu alaikum 'yan'uwa. 'Yar kyanwata ta yi amai, sai ga wata farar tsutsa doguwa kamar zare mai kauri, tana murɗawa. Cikinta ya kumbura, gashinta ya dusashe, ga ci amma ba ƙiba. Ko fita waje ba ta taɓa yi ba. To daga ina ta samo? Wanda ya taɓa gani ya ba mu labari.

Mai Muzuru: Wa alaikumus salam Hajiya. Macijin ciki ne. Nawa 'ya'yan ma haka suka yi. Likitan dabbobi ya ce min daga nonon uwa suke sha, domin ƙananan tsutsotsin suna kwance a naman jikinta, sai ta haihu su bi ta nono. Shi kuwa muzuruna farauta ce ta ja masa. Ɓera, tsuntsu, har kyankyaso duk suna ɗauke da ita.

Baban Yara: Mu an ba tamu maganin tsutsa mai suna pyrantel, washegari tsutsotsi suka fito a kashi, muka ce an rabu da Bukar. Ashe da saura. Shi maganin, manyan da ke cikin hanji kawai yake kashewa. Ƙananan da ke yawo ta hanta da huhu ba ya taɓa su, sai sun dawo hanji sun girma. Shi ya sa ake maimaitawa bayan mako 2 zuwa 3, kuma a ba uwar ita ma.

Ɗalibar likitancin dabbobi: Gaskiyar Baba ce. Wadda aka fi gani sunanta Toxocara cati, tana kai santimita 10. 'Ya'yan kyanwa ana fara musu magani tun suna mako 3, duk bayan mako 2 har su yi kamar wata 2, daga nan wata-wata har wata 6. A auna nauyin kyanwar kafin a ba ta maganin, kada a yi kirdado. Abin da ya fi damuna shi ne ƙwan tsutsar da ke fita a cikin kashin kyanwa. Ido ba ya ganinsa, kuma yana iya shekaru a ƙasa bai mutu ba. Amma sabon kashi bai kai ga yaɗa cutar ba, sai ƙwan ya yi mako 2 zuwa 4. Don haka a riƙa kwashewa kullum. Yaro mai wasan ƙasa yana iya haɗiye shi, tsutsar ta tafi hanta, wani lokaci har ido.

Mai Muzuru: Hajiya, in kin ga wasu guntaye farare sun maƙale a gindin wutsiya, wannan tsila ce, pyrantel ba ya yi mata. Nawa wani magani mai suna praziquantel aka ba shi.

Uwar Mage: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan kai ta a duba kashin. Uwar ba a hannuna take ba, zan sanar da masu ita.