Muhawarar 'yan unguwa: Ambaliyar Maiduguri sakaci ne ko sauyin yanayi?

Kawu Bukar: Assalamu alaikum jama'a. Jiya na ji wani a rediyo yana cewa wai ambaliyar da ta ci Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024 sauyin yanayi ne ya jawo ta. Wallahi raina ya ɓaci. Madatsar Alau ce ta ɓalle, kuma madatsa gini ne na hannun mutum. Tun shekarun 1980 aka yi ta, ta taɓa sakin ruwa ya ci gari a 1994, bayan shekara 30 ta maimaita mana. Duk mai cewa sauyin yanayi ne, so yake ya wanke masu laifi. Ni ban yarda ba.

Maman Fanna: Wa alaikumus salam Kawu. Ni har yau idan hadari ya haɗu ba na iya barci. A daren ambaliyar kukan akuya ne ya tashe ni, na sauko da ƙafa na ji sanyi har idon sawu. Kafin na goya ƙaramar, ruwa ya kai gwiwa. Inna ba ta iya tafiya, sai yaran maƙwabta suka ciro ƙyauren ɗaki suka ɗora ta a kai. Buhun gero biyu da keken ɗinkina duk can muka bar su. Da muka dawo, laka ta zana layi a bango sama da kaina, kuma sama ba ta yi ko ɗigo ba a daren a unguwarmu. Shi ya sa maganarka ta shige ni.

Injiniya Sani: Allah ya mayar da alheri, Yaya. Kawu, ka faɗi gaskiya, amma rabinta. Madatsa ta ɓalle, babu mai musu, kuma ginin da ya tsufa yana son kulawa. To amma me ya cika ta har ta kasa? Ruwan da aka kwashe makonni ana zubawa a kudancin Borno ne ya gangaro ta dajin Sambisa ya shiga kogin Ngadda. Rashin ruwa a unguwarku a daren ba ya nufin ba a yi shi a sama da mu ba. Sannan ka duba maƙwabta a daminar nan ɗaya. Chadi ta sha ambaliya, arewacin Kamaru ya sha, Mali ta sha. A Damagaram tsohon masallacin Birni na ƙasa, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya rushe. Can ai babu Alau.

Kawu Bukar: Sani, na girme ka nesa ba kusa ba. Na ga farin 1973, na ga na 1984, na ga shanu suna faɗuwa a bakin hanya. Iyayenmu sun ga ruwa, sun ga fari, ba su ce yanayi ya sauya ba. Shekara ce, wata ta zo da daɗi wata ta zo da wuya.

Malama Hadiza: Kawu, da girmanka, a nan ne zan saɓa maka. Ba wanda ya ce yau aka fara ambaliya. Abin da ya canza shi ne yawanta da ƙarfinta. Ka ƙirga da yatsunka: 2012, 2020, 2022 da ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, sai tamu ta 2024, sai ta Mokwa a jihar Neja a watan Mayun 2025 tun damina ba ta zauna ba. Dalilin kuma ba ɓoyayye ba ne, ina koya wa 'yan aji shi. Duk sanda zafin iska ya ƙaru da digiri 1, tana iya riƙe ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin 100. Sai ta riƙe, ta riƙe, ranar da za ta sauke ta juye shi gaba ɗaya. Ruwan da a da zai rarrabu cikin wata, yanzu sai ya sauka a yini biyu, ƙasa ba ta samu damar shanyewa ba. Zafin ma ai mun ji a jikinmu. A azumin 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Mu nan wa ya manta yadda muka riƙa jiƙa zani muna lulluɓa da rana?

Malam Goni: Ina bin maganganunku. Kada dai mu manta ruwa na Allah ne, shi ke saukar da shi inda ya so, kuma abin da ya same mu rubutacce ne. Amma ina jan kunnen masu fakewa da ƙaddara su naɗe hannu. Lokacin da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake? Ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kuma a Suratur Rum an faɗa mana ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Hannun da ya ƙi gyara madatsa hannu ne, wanda ya cika sama da hayaƙi ma hannu ne.

Abba Mai Keke: Allah ya gafarta Malam, akwai hannu na uku, namu. Ni kullum ina kan titi. Ku leƙa kwalbatin bakin kasuwarmu, leda ce da robar ruwa cunkus har baki. Ranar da muka yashe ta layinmu, baro 14 muka kwashe, har da tsohuwar katifa. Ga masu gini a kan hanyar ruwa, ka yi magana a ce kana baƙin ciki. Ruwa kuma ba ya manta hanyarsa.

Kawu Bukar: Yawwa, ga inda nake tsoro. Yanzu an dawo kan talaka da ledarsa. Leda ce ta fasa Alau? Leda ce ta shigar da ruwa fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa? Ita ta saki kadoji da macizai daga gidan zoo? Kuma idan ma na yarda da sauyin yanayin, wa ya ƙona man fetur ɗin da ya jawo shi? Afirka gaba ɗaya hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Amurka da Sin da Turai su yi ɓarna, a zo a ce wa Maman Fanna ta daina girki da gawayi alhali gas ya fi ƙarfinta.

Maman Fanna: Wannan kam gaskiya ne Kawu. Na san gawayin nan bishiya ce aka sare, raina ba ya so, amma da me zan dafa?

Injiniya Sani: Ba wanda ya isa ya ɗora miki laifi, Yaya. Kawu, ni a ganina maganar sauyin yanayi ba ta wanke kowa, ƙara musu nauyi take yi. An auna madatsar ne da ruwan da aka sani a wancan zamani. Idan yanzu an san ruwan ya fi haka, kuma hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, to wanda bai faɗaɗa mafitar ruwa ba, bai kwashe yashin da ya taru ba, bai tashi mutane da wuri ba, ba shi da bakin cewa abin ya zo ba zato. Idan kuwa muka ce tsufan gini ne kaɗai, za a sake gina mana irin ta da, daidai da ruwan da, mu koma gidan jiya.

Kawu Bukar: Wannan ta ƙarshen na ji ta, kuma zan yi tunani a kai. Amma ban janye ba. Ranar da na ga an fito an ce ga wanda ya yi sakaci, ga hukuncinsa, ranar zan zauna a yi mini karatun digiri da danshi. Kafin nan duk jami'in da ya ce mini sauyin yanayi, zan tambaye shi ina kuɗin gyara suka shiga.

Malama Hadiza: Ka tambaye shi Kawu, ni ma zan tsaya a bayanka. Amma itacen darbejiya 20 da muka karɓo wa makaranta suna nan a leda, saiwarsu ta fara fasa ƙasan, ina neman wanda zai taya mu haƙa rami.

Abba Mai Keke: Malama, ranar Asabar bayan mun gama kwalbatin masallaci sai mu biyo. Muna da shebur uku, diga ce babu.

Kawu Bukar: Akwai diga a zaurena. Ka aiko yaro ya ɗauka bayan la'asar, amma a dawo mini da ita.