Babu kwantak a distirbitar 504: ina jar waya da baƙa za su shiga?

Abban Khalifa, Gwammaja:
Assalamu alaikum. Na gaji Peugeot 504 ƙirar 1982, haɗin Kaduna, daga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kuma ta shekara shida a gareji, inda ɓeraye suka yi wa wayoyinta ta'adi. Da na cire murfin distirbita da nufin goge kwantak, wato 'yan ƙarafan da ke buɗewa da rufewa don kwayil ya ba fulogi wuta, sai ban tarar da kwantak ko kwandensa ba. Abin da ke wurin wani ɗan baƙin akwati ne wanda bai kai rabin kwalin ashana ba, wayoyi biyu sun fito daga jikinsa, ja da baƙa, dukansu a gutsure. Kusa da kwayil kuma akwai wani farin abu mai kama da tangaran. Ina kowace waya za ta shiga?

Malam Habu mai waya:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Da alama ya sa an mayar da motar tsarin lantarki marar kwantak, amma kada ka haɗa komai sai ka tabbatar da irinsa, domin waya biyu kaɗai ba hujja ba ce. Ka zare rota ka duba ƙarƙashinta. Idan ka ga baƙin zoben roba a kan sandar distirbita, wanda ke jan bakin sukundireba a wurare huɗu, to maganaɗisu ne, kuma ɗan akwatin nan shi ne aikin gaba ɗaya. Idan kuwa tauraron ƙarfe ne mai haƙora huɗu, to wayoyin ba kwayil suke zuwa ba, wani akwati na daban suke nema a jikin motar. Mai aiki da haske kuma waya uku yake da ita. In dai mai zoben ne, ja tana zuwa inda wuta ke shiga kwayil, wato ƙafa mai lamba 15, baƙa kuma tana zuwa ƙafa mai lamba 1. Mutane da yawa suna ganin baƙar waya su ɗaure ta a jikin mota, alhali ba aikinta ke nan ba, kuma juya su biyun sau ɗaya ya isa ya ƙona akwatin.

Injiniya Sani, Sharaɗa:
Bayanin Malam Habu daidai ne, sai dai ina da gyara game da jar wayar. Farin tangaran ɗin nan mai rage wuta ne, kuma matuƙar yana kan layi, abin da ke isa lamba 15 bai kai volt 12 ba idan inji yana aiki, saboda haka ja ta ɗauki wutarta daga ƙafar tangaran ɗin da ke fitowa daga makulli. Sannan ka cire wayoyin kwayil ka auna ohm, wato turjiyar wuta, tsakanin 15 da 1 da mita. Irin wannan akwati a inji mai silinda huɗu yakan buƙaci jimillar kusan ohm 3, wato na kwayil da na tangaran a haɗe. Kwayil na motocin baya-bayan nan, wanda bai kai ohm 1 ba, zai dafa shi, musamman a zafin Afrilu na Kano.

Abban Khalifa:
Na gode ƙwarai. Na duba, zoben maganaɗisu ne, kwayil kuma ya ba ni ohm 1.5, tangaran ma kusan haka. Ke nan in bar shi a wurinsa?

Malam Habu mai waya:
Ka bar shi, Alhaji, lissafi ya cika. Idan ka fi son cire shi, sai ka nemo kwayil mai ohm 3 a Ƙofar Ruwa, ka tafi da mitarka ka auna kafin ka biya. Ka kuma duba siririyar wayar da ke haɗa farantin cikin distirbita da jikinta, domin ta nan akwatin yake samun jikin mota, kuma idan ta tsinke motar za ta riƙa yankewa. Kada ka bar makulli a kunne alhali inji a kashe yake, ko da rediyo kake saurare. Idan ta tashi, ka kai ta a saita taimin da fitila, tun da saiti da sauraron ƙarar inji ba ya wadatarwa bayan irin wannan dogon zama.