Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne: ta dace da bakin mai neman gafara?

Mai tambaya, daga Sabon Gari:

Salama gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Ina so mu duba karin maganar nan da ke cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, domin ta zama abin da ake yawan jawowa a zaman sulhu na ikkilisiyoyinmu a nan Kano. Idan maigida ya saɓa wa matarsa, ko mai shago ya zargi yaronsa da sata daga baya kuɗin suka fito, dattawa kan lallaɓa babban da ita har ya sauko ya ba da haƙuri. Shin ta yi daidai da koyarwar Almasihu a kan neman gafara, ko kuwa dabarar zaman duniya ce muka shigo da ita majami'a?

Dattijon ikkilisiya, daga Fagge:

Ɗana, ni ina cikin masu amfani da ita, kuma ban ga aibunta ba. Abin da ke hana mutum neman gafara girman kai ne, da tsoron kada a ce ya kasa. Al'adarmu ta ce babba juji ne, wato ya haɗiye laifin na ƙasa da shi, amma ba ta tanadi yadda babban zai yi ba idan shi ne mai laifin. Wannan giɓin ne karin maganar take cikewa. A Matiyu 5:23-24 Yesu ya ce wanda ya kawo baikonsa gaban bagade, sai ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, to ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna, kuma bai ware uba ko maigida ko fasto daga wannan umarni ba. Shi kansa ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, kamar yadda Yahaya 13 ta nuna, bai kuwa ragu da komai ba.

Malamar makaranta, daga Badawa:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma a gafarce ni, ban gamsu ba. Mu tambayi kanmu, wane ne wadan a cikin wannan magana? Wanda aka zalunta ne. Ke nan tun kafin mai laifi ya buɗe baki an riga an tabbatar masa cewa shi ne dogo, wanda ya cuta kuwa gajere ne, kuma idan ya miƙe tsawonsa yana nan. A yadda Hausawa suke amfani da ita, magana ce ta mai neman biyan buƙata a hannun wanda ya raina, kamar attajirin da ke lallaɓa maigadi don a buɗe masa ƙofa. Tuba kuwa ba haka take ba, domin mai tuba ya yarda cewa a wannan al'amari shi ne a ƙasa.

Ku dubi Yakubu a Farawa 32 da 33. Bayan shekara 20 yana gudun hijira, ya ji wansa Isuwa yana tafe da mutum 400, sai ya aika da garkunan awaki da tumaki da raƙuma da shanu da jakuna a gabansa, sa'an nan ya rusuna har ƙasa sau bakwai. Amma da aka gama rungumar juna, ya ce zai bi wansa zuwa Seyir, sai ya karkata zuwa Sukkot. Ni a ganina wannan shi ne ainihin durƙusa wa wada: an rusuna domin a tsira, ba domin a koma zama tare ba.

Katikis (mai koyar da addini a ikkilisiya), daga Brigade:

'Yar'uwa, kin matsa wa Yakubu da yawa. Kafin ya rusuna wa Isuwa ya riga ya faɗa wa Allah cewa bai cancanci ko kaɗan daga cikin jinƙan da aka yi masa ba, kuma ya fito daga kokawar daren Feniyel yana ɗingishi. Mutumin da ya karɓe albarkar wansa ta hanyar yaudara ya dawo yana roƙon wan ya karɓi dukiya daga hannunsa. Tsoro yana ciki, ban musa ba, amma da wuya a sami neman gafarar ɗan adam da babu gauraye a cikinsa. Wanke ƙafa kuma, Baba, bai zama hujja a nan ba, domin Ubangiji ba laifi ya yi wa almajiran ba, hidima ya koya musu.

Ɗan kasuwa, daga Kantin Kwari:

Ni abin da ya dame ni ba durƙuson ba ne, abin da ke biyo bayansa ne. A kasuwa muna da sunan da muke ba irin wannan, wato tuban muzuru, kaza a baki. Mutum zai ci amanar abokin cinikinsa, ya riƙe masa kuɗin dila guda na atamfa, sa'an nan ranar Lahadi kafin Jibin Ubangiji, wato cin gurasar tunawa da Almasihu, ya zo yana cewa a yafe masa, alhali bai mayar da ko sisi ba. Idan wanda aka cuta ya ambaci kuɗinsa, sai a ce masa ba shi da ruhun yafiya. Zakka, a Luka 19:8, bai tsaya a kan baki ba: ya ce rabin dukiyarsa zai ba matalauta, wanda duk ya zambata kuma zai mayar masa ninki huɗu. Tun a Littafin Firistoci sura 6 an umarci wanda ya ci amanar ajiya ya mayar da ita cif, ya ƙara kashi ɗaya bisa biyar, kafin ya kawo hadayarsa. Haka ma mai shagon da aka ambata: idan a gaban maƙwabtansa na layi ya kira yaron ɓarawo, to a gabansu ya kamata ya wanke shi, ba a cikin ofishin fasto da ƙofa a rufe ba.

Wata uwa daga Zumuntar Mata, Nomansland:

Allah ya saka maka, ɗana, ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Mu mata mun fi kowa sanin zaman sulhun da ake tashi nauyi duka yana kan wadda aka cuta. Maigida ya furta kalma biyu kansa a sunkuye, sai dukan dattawa su juyo kan matar da ayoyi, a ce mata sau bakwai har saba'in, a ce haƙuri maganin zaman duniya, ta koma gida ba abin da ya sake. Amma ina da tambayar da ta fi wannan nauyi. Akwai gwauraye a cikinmu da suka rasa mazajensu a fashewar bam ta tashar mota ta New Road a ranar 18 ga Maris, 2013. Babu wanda ya zo ya durƙusa musu, kuma ba mai zuwa. Luka 17:3 ta ce idan ɗan'uwanka ya tuba ka yafe masa. To wanda bai tuba ba fa? A titi kuma 'ya'yansu suna jin ana cewa rama cuta ga macuci ibada ne.

Fasto, daga Sabon Gari:

Mama, wannan magana ta ramuwa ba ta da gurbi a bakin mai bi, domin Romawa 12:19 ta hana mu ɗaukar fansa da hannunmu, ta ce a bar wa Allah. Amma ya kamata mu raba abu biyu da muke yawan haɗawa. Yafiya tana hannun wanda aka cuta shi kaɗai, yana iya sakin ƙullin da ke zuciyarsa ko da mai laifin bai taɓa zuwa ba, kamar yadda Yesu ya roƙa wa masu gicciye shi gafara a Luka 23:34, Istifanas ma ya yi haka yayin da ake jifansa. Sulhu kuwa sai da mutum biyu, shi ya sa Romawa 12:18 ta ce mu zauna lafiya da kowa in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da ke hannunmu.

Yafiya kuma ba ta soke hukunci. An harbi Paparoma John Paul na Biyu a ranar 13 ga Mayu, 1981, ya yafe wa Mehmet Ali Agca wanda ya harbe shi, har ya ziyarce shi a kurkuku a Disambar 1983, duk da haka mutumin ya ci gaba da zama a gidan yarin Italiya har shekarar 2000. Saboda haka wanda aka riƙe wa kuɗin atamfa yana iya yafewa da zuciya ɗaya kuma ya nemi kuɗinsa, matar da ake duka kuma tana iya yafewa ba tare da ta koma ɗakin a daren ba. Game da gwaurayen nan, ni ba na yanka musu rana. Yusufu ma sai da ya gwada 'yan'uwansa har ya ga Yahuza ya miƙa kansa a madadin Biliyaminu kafin ya bayyana musu kansa.

Dattijon ikkilisiya, daga Fagge:

Na ji ku duka, kuma Malama ta faɗi gaskiya cewa akwai raini a ƙunshe cikin maganar. Duk da haka ba zan jefar da ita ba. Mutumin da ya haura sittin bai taɓa ba ɗansa haƙuri ba, ba za ka kai shi matsayin Zakka a zama ɗaya ba, sai ka fara da abin da kunnensa zai iya ɗauka.

Malamar makaranta, daga Badawa:

To Baba, in haka ne ina da roƙo guda: a riƙa faɗa masa ita a keɓe kafin a shiga zaman, kada a furta ta a gaban wanda aka cuta, domin shi ma yana da kunne kuma ya san wanda ake nufi da wada. Kuma Fasto, har yanzu ba a amsa mana wanda zai bi sawu bayan an tashi ba, ya ga ko an mayar da kuɗin atamfar, ko an wanke yaron a gaban 'yan layi.